Makarantar koyon kareti da taikwando a Kano: yadda na same ta, da yadda sana'ar ta sauya

Duk inda tsofaffin 'yan kareti suka haɗu a garin nan, maganar da ake yawan ji ita ce wasan ya mutu, makarantunsa sun watse, matasan yanzu kuma ba su da juriyar da ake buƙata. Akwai gaskiya a cikin wannan kukan, amma ba ita ce gaskiyar duka ba, kuma abin da ya sa na faɗi haka shi ne wata makarantar koyon wasannin kare kai da ɗana da 'yata suke zuwa tun bara, wadda nake so in bayyana ra'ayina a kanta domin amfanin iyayen da ke tunanin sa 'ya'yansu a irinta. Ba zan ambaci sunanta ba, domin ina da ƙorafe-ƙorafe a kanta waɗanda na riga na kai wa mai ita kai tsaye, kuma kusan duk abin da zan faɗa, na yabo da na suka, za a tarar da shi a sauran makarantun da ke wannan sana'a. A taƙaice dai, makaranta ce mai kyau ga yara ƙanana, mai matsakaicin amfani ga wanda ke son shiga gasa, sannan mai rauni sosai ga babban mutum da ya zo neman abin da zai kare kansa da shi a kan titi.

Domin a fahimci sauyin da ya faru, sai an tuna yadda abin yake a da. Daga shekarun 1970 zuwa na 1990, silimomin Kano irin su Plaza da Orion da El Dorado suna haska finafinan faɗa na Hong Kong tare da na Indiya, kuma ko da yake Bruce Lee ya rasu tun 1973, sunansa ya daɗe a bakin samarin da ba a ma haife su ba a lokacin da ya bar duniya. Waɗanda suka cika filayen horo a wancan zamani samari ne masu jini a jika, 'yan sakandare da 'yan koyon sana'a, waɗanda suka zo da ƙafarsu ba tare da wani ya kawo su ba, wasu ma a ɓoye ne saboda iyayensu suna ganin abin hanyar shiga daba ce. Ni ma a cikinsu na yi nawa karetin a farkon shekarun 1990, a wani fili mai tsakuwa, ba takalmi, ba katifa, kuɗin da ake biya kuma bai taka kara ya karya ba. Malamin yana da aikinsa na gwamnati da yake ci da shi, koyarwar kuwa sha'awa ce kawai. Irin wannan makarantar ce ta ja da baya, kuma da wuya ta dawo.

Makarantar da nake magana a kanta tana saman bene ne a wani rukunin shaguna, ana hawa ta wata matsattsiyar matakala da ke gefen shagon masu gyaran waya. Ɗaki ne guda mai faɗi, an shimfiɗa masa tabarmar roba irin wadda ake haɗawa gida-gida, shuɗi da ja, bango ɗaya kuma an manna masa madubi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Akwai jakar naushi guda biyu a rataye, ɗaya ta yage an ɗaure ta da igiyar roba, sai wani akwati da ake tara hulunan kariya da rigunan ƙirji. Wurin yana da tsabta, ana share shi ana gogewa kafin kowane aji, ba a barin kowa ya hau tabarmar da takalmi, ko da kuwa mahaifin ɗalibi ne. Abin da ya fi damuna a ginin shi ne zafi. Tagogin suna gefe ɗaya ne, saboda haka iska ba ta ratsawa, kuma a watannin Maris da Afrilu, idan aka ɗauke wuta fankoki suka tsaya, yara sukan jiƙe sharkaf tun ba a gama motsa jiki na farko ba. Malamin yakan rage tsananin atisayen a irin waɗannan ranakun, yana kuma tsayar da aji a sha ruwa akai-akai, amma makarantar da ke karɓar kuɗin wata ya kamata a ce ta sa sola ko da ta fankoki ce kaɗai.

Wanda duk ya shiga ɗakin nan da safiyar Asabar zai gane inda sana'ar ta koma. Yara ne cike da wurin, daga 'yan shekara biyar zuwa 'yan goma sha uku, iyaye mata suna zaune a kan benci a bakin ƙofa, direbobi suna jira a ƙasa. An tsara lokutan ajin ne yadda ba za su ci karo da Islamiyya ba, a watan azumi kuma akan mayar da na manya zuwa bayan sallar tarawihi, na yara a rage shi. Mai makarantar, wanda yaran ke kira Masta, ya shaida mini cewa kuɗin da ke riƙe wurin daga ajin yaran nan yake fitowa, sai kuma kwangilar da yake samu daga makarantun boko masu zaman kansu da ke son a koyar da ɗalibansu taikwando a ranar wasanni. Wato wanda ke biyan kuɗi a yau ba shi ne wanda ke yin atisayen ba, kuma abin da yake nema daban ne da abin da mu muka nema. Uwa ba ta kawo ɗanta domin ya iya fasa bulo da hannu ba, ta kawo shi ne domin ya rabu da waya na awa biyu, ya rage ƙiba ko rashin ji, ya koyi tsayuwa a layi da sauraron na gaba da shi.

A wannan fannin kuwa makarantar ta cancanci yabo ba kaɗan ba, kuma malamin shi ne dalili. Mutum ne da ya haura shekara hamsin, mai sanyin murya, wanda ya faro da kareti kafin daga baya ya ƙara da taikwando, kuma bai taɓa dukan yaro a gabana ba, alhali a zamaninmu bulala da tsallen kwaɗo su ne maganin kowane kuskure. Na zauna na kalli yadda yake koya wa sababbin shiga faɗuwa. Yakan sa yaro ya tsuguna, ya manna haɓarsa a ƙirji, ya mirgina baya a hankali, ya bugi tabarma da tafin hannu da damtse gaba ɗaya a daidai lokacin da bayansa ya taɓa ƙasa. Akwai wani yaro ɗan kimanin shekara shida da ya kasa daina tokare ƙasa da hannu a miƙe, wanda shi ne abin da ke karya wuyan hannu, sai malamin ya sa masa ƙaramin ƙyalle a ƙarƙashin haɓa, ya ce kada ya bari ya faɗi, ya kuma riƙe masa hannaye a ƙirji har sai da jikin yaron ya saba. Bai ɗaga murya ba, bai kuma bar sauran yaran sun yi masa dariya ba.

Wannan darasin faɗuwa daga judo ya aro shi, wasan da Jigoro Kano ya kafa a Tokiyo a 1882, kuma ba ya cikin manhajar kareti ko taikwando ta yau da kullum. A ganina shi ne abu mafi amfani da ake koyarwa a ɗakin nan, domin yaron da ke tasowa a garin da ke cike da babura da Adaidaita Sahu da kwatoci a buɗe zai faɗi sau da yawa a rayuwarsa, alhali mai yiwuwa ne ya girma har ya tsufa bai taɓa buƙatar ya harbi wani da ƙafa a ka ba. Na kuma ga sauyi a ɗana wajen haƙuri da maimaita abu guda har ya zauna, ko da yake ba zan ɗora wa makarantar duk wani gyaran hali ba, domin yaro yana girma ne ta hanyoyi da yawa a lokaci guda.

Abu na biyu da ya sauya shi ne taikwando ya sha gaban kareti, har a wurin malamin da karetin ne asalinsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Taikwando ya zama cikakken wasan Olamfik tun gasar Sydney ta 2000, kuma yankinmu ya ga amfaninsa da idonsa, domin Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a Beijing a 2008, sannan Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa a Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a shekarar da ta biyo baya. Kafin Alfaga, lambar Olamfik ɗaya tal Nijar take da ita, wato tagullar da Issaka Daboré ya samu a damben zamani a Munich a 1972, don haka ba abin mamaki ba ne hoton Alfaga ya kasance a manne a bangon wannan makarantar ta Kano. Kareti kuwa sau ɗaya ya shiga Olamfik, a gasar Tokiyo da aka yi a 2021, aka kuma cire shi daga ta Paris ta 2024. Duk wasan da ke da kujera a Olamfik shi ne hukumomin wasanni da makarantu suka fi waiwaya, shi ne kuma ya fi yawan gasa da yaro zai shiga, saboda haka malamai suka bi inda hanya take. A makarantar nan har yanzu ana koyar da jerin motsin kareti da ake kira kata, amma a ƙarshen aji ne, kuma a bayyane yake cewa malamin ya fi ɗalibansa son su.

Sai dai ya kamata iyaye su san irin taikwandon da ake koyarwa. Na gasa ne, wanda aka gina a kan neman maki: naushi a ƙirji maki ɗaya, harbi a ƙirji biyu, harbi a ka uku, idan kuma da juyi aka yi harbin sai a ƙara maki, sannan naushi a fuska haramun ne. Tun da aka fara amfani da rigar kariya mai na'ura a Olamfik ta 2012, 'yan wasa suka koma ɗaga ƙafar gaba suna neman taɓa rigar abokin karawa, hannayensu a sauke, domin ba sa tsoron naushi a fuska. Wasa ne mai kyau, mai buƙatar sauri da laushin jiki da wayo, kuma mataimakin malamin, wani saurayi da ya taɓa shiga gasar ƙasa, ya iya koyar da shi. Amma wasa ne mai dokoki, kamar yadda karetin gasa ma yake. Waɗanda suka kalli wasan ƙarshe na masu nauyi a karetin Tokiyo za su tuna cewa ɗan Saudiyya Tareg Hamedi ya harbi ɗan Iran Sajad Ganjzadeh har ya sume, aka kori mai harbin saboda ya wuce ƙima, aka ba wanda ya sume zinare. Hukuncin daidai yake bisa doka, amma samarin da suka ga wannan a wayoyinsu sun ɗauki wani darasi daban.

A nan ne amsar tambayar da tsofaffin 'yan kareti suke yi take, wato ina samarin suka tafi. Sha'awar faɗa ba ta ragu a zukatansu ba, wurin da suke kallo ne ya canza. Tun da aka fara gasar UFC, wadda ke haɗa masu salon faɗa daban-daban a fili ɗaya, a Amurka a 1993, inda Royce Gracie na Birazil, mutum marar girman jiki sosai, ya riƙa kayar da abokan karawarsa ƙasa yana shaƙe su har su sallama, aka fara tambayar ko wane salo ne yake aiki idan aka rage dokoki. Mu nan abin bai kama mu sosai ba sai a 2019, shekarar da Kamaru Usman, haifaffen Auchi, da Israel Adesanya, haifaffen Legas, suka ɗauki kambun duniya a ajinsu, sannan Francis Ngannou na Kamaru ya ɗauki na masu nauyi a 2021. Saurayin da ya ga waɗannan ba zai yarda ya shafe wata shida yana naushin iska a layi ba. Yana so ya sa safar dambe tun makon farko, ya bugi jaka, ya koyi kayarwa da shaƙa, idan bai samu ba kuma sai ya tafi gidan ɗaga ƙarfe, inda zai ga sakamako a damtsensa cikin ɗan lokaci.

Makarantar ta yi ƙoƙarin kamo waɗannan samarin ta hanyar buɗe ajin dare da ta sa wa suna MMA, wato faɗan da ya haɗa naushi da harbi da kokawa, kuma wannan ajin shi ne mafi rauni a duk abin da take yi. Na halarce shi na wani lokaci domin in gani da idona. Ɓangaren motsa jiki da bugun jaka ba shi da laifi, duk wanda ya jure zai rage tumbi ya ƙara numfashi. Matsalar tana farawa ne idan aka zo kokawar ƙasa, domin babu wanda ya koye ta a hannun gwani a cikin masu koyarwar, kuma ana iya ganin cewa daga bidiyon intanet ake ɗauko dabarun. Na ga an nuna wa wasu samari biyu yadda ake murɗe gwiwar hannu ba tare da an fara jaddada musu dokar farko ba, wato da zarar abokinka ya bubbuga jikinka ko tabarma to ka sake shi nan take. Tabarmar ma ba ta kai kaurin da za a riƙa kayar da babban mutum a kanta ba, domin an yi ta ne saboda masu tsayuwa. Sannan akan bar mutane su gwabza ba tare da robar kare haƙori ba, da hujjar cewa a hankali za a yi, alhali duk wanda ya san samari ya san inda a hankalin nan take ƙarewa. Ban ga laifin malami ya faɗaɗa sana'arsa ba, amma ya kamata ko dai ya ɗauko ƙwararren ɗan judo ko ɗan kokawa ya riƙe wannan ɓangaren, ko kuma ya kira ajin da sunan abin da ya iya koyarwa.

Akwai kuma wani abokin gasa da makarantun nan ba su cika lissafawa ba, shi ne damben gargajiya, wanda ya samu sabon tashe tun da aka fara ɗora shi a YouTube da Facebook, har mutanen ƙasashen waje suka san yadda ake naɗe hannu da kara, suka san turmi da kisa, suka san ɓangarorin 'yan dambe na Kudu da Arewa da Guramada. Yaron da ke son dambe ba ya biyan kuɗin wata, ubangida yake samu ya bi, kuma idan hannunsa yana da kyau zai iya fita daga fili da kuɗi a aljihu a daren da ya fara. Haka kokawa take a Nijar, inda gasar takobi da aka fara tun 1975 take tsayar da ƙasar gaba ɗaya. Ba ina cewa uba ya kai ɗansa ɗan shekara takwas gidan dambe ba ne, domin haɗarinsa a fili yake. Abin da nake nufi shi ne ɗan talakan da a da zai shiga kareti kusan kyauta, yau ya tarar da ƙofar tana buƙatar kuɗin rajista da na kaya, sai ya nufi inda ba a tambayarsa komai. Wannan shi ne ɓangaren sauyin da ya fi ba ni takaici, domin daga cikin irin waɗannan yaran ne ake samun masu zuciyar da gasa ke buƙata.

Ƙorafina mafi girma yana kan darasin da ake kira kare kai daga masu ƙwacen waya. Kowa ya san yadda wannan masifa ta addabi Kano, da yadda aka rasa rayuka a dalilinta, don haka ba abin mamaki ba ne mutane su nemi mafita, ba kuma abin mamaki ba ne makarantu su sa shi a tallarsu. Abin da na gani shi ne ɗalibi ya riƙe wuƙar roba, ya kawo suka guda ɗaya a hankali, ya tsaya da hannu a miƙe yana jira, abokinsa ya kama wuyan hannun ya murɗe, wuƙar ta faɗi, a tafa. Mai ƙwace ba haka yake zuwa ba. Ba shi kaɗai yake zuwa ba, ba ya nuna makamin sai ya matso, ba ya suka sau ɗaya ya tsaya, sau da yawa kuma ba ya cikin hayyacinsa. Saurayin da ya yi wannan atisayen sau da dama har ya yarda cewa ya iya, an ƙara masa haɗari ne, domin a ranar da abin ya same shi zai yi jinkirin sakin wayar na daƙiƙar da za ta iya zama ajalinsa. Da na yi wa malamin wannan maganar bai musa ba, ya ce shi ma yakan gaya musu cewa gudu ya fi, amma mutane suna tambayar darasin, idan bai koyar ba za su tafi inda ake koyarwa. Na fahimci matsin da yake ciki, amma ban karɓi uzurin ba. Da ya mayar da wannan lokacin wajen koya musu lura da hanya, da guje wa fito da waya a lungu ko a cikin Adaidaita Sahu da dare, da yadda ake danne rauni a tsayar da jini kafin a kai asibiti, da ya fi yi musu amfani.

Ajin mata kuwa yana cikin abubuwan da suka sa na bar 'ya'yana a wurin. A zamaninmu da wuya a ga mace a filin kareti, yanzu kuwa 'yan mata sun kusa kai yawan maza a ajin yara, sannan akwai aji na musamman da wata malama ke riƙewa, ana rufe ƙofa, maza ba sa shiga, har da mai makarantar. 'Yan matan suna atisaye da ɗankwali ko ƙaramin hijabi mai kama kai da dogon wando, wanda ko a gasar duniya ta taikwando an yarda da shi a ƙarƙashin hular kariya. Malamar ta fi mai da hankali ga abubuwa masu sauƙi: yadda ake fizge hannu idan an riƙe shi, yadda ake ture mutum a samu tazara, da ɗaga murya da ƙarfi ba tare da jin kunya ba. 'Yata, wadda a da ko gaisuwa sai an matso kafin a ji ta, yanzu takan ƙirga motsi ga duk ajin da murya a buɗe. Matan aure ma suna zuwa da safe domin motsa jiki, kuma ina ganin nan gaba wannan ɓangaren zai fi na samari girma.

Batun bel, wato ɗamarar da launinta ke nuna matsayin ɗalibi, yana buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan ne kasuwanci ya fi shiga cikin koyarwa. Kuɗin wata ba shi da yawa idan aka kwatanta da abin da ake biyan malamin darasin gida, amma kusan kowane zangon karatu akan sanar da jarrabawar ƙarin girma, wadda take da kuɗinta daban, da kuɗin sabon bel, da na takardar shaida. Ban ga yaron da ya faɗi wannan jarrabawar ba, har da waɗanda a bayyane suke ba su riƙe motsin da aka tambaye su ba. A asalin tsarin da aka faro a judo, fari da baƙi ne kawai, launuka masu yawa kuwa a Turai suka yaɗu daga baya domin ɗalibai su riƙa ganin ci gabansu, kuma hakan ba laifi ba ne ga yara. Laifin shi ne bel ya zama abin da ake samu saboda an biya. Ya kamata iyaye su kuma sani cewa Kukkiwon, hedikwatar taikwando da ke Seoul, ba ta ba yaron da bai kai shekara 15 ba cikakken matsayin baƙin bel, wani matsayi na yara take ba shi mai bel ja da baƙi, don haka duk wanda ya yi wa ɗanka ɗan shekara goma alkawarin baƙin bel, sai ka tambaye shi wace hukuma ce za ta amince da takardar. A nan makarantar ba ta kai ga wannan ba, malamin ya ce ba ya ba yaro baƙin bel, amma saurin da ake yi a ƙananan matakan ya yi yawa.

Kayan wasa ma sun yi tsada tun bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira a 2023, domin hular kariya da rigar ƙirji da abin kare ƙwauri duk daga waje ake shigo da su. Makarantar ta kyauta da ba ta tilasta sayen farar rigar atisaye a hannunta ba. Ana iya yanko yadi mai kauri a Kantin Kwari a kai wa tela, muddin ya ƙara ɗinki a hammata da tsakanin ƙafafu inda yake saurin yagewa. Kayan kariyar kuwa na haɗaka ne, kuma hulunan suna buƙatar wanki fiye da yadda ake yi musu. Akwai akwatin taimakon gaggawa, amma da na duba cikinsa bandeji ne da man zafi kawai, kuma ba a tambayi ko ɗaya daga cikin 'ya'yana ko yana da asma ko sikila ba a ranar rajista, alhali a yankinmu wannan tambayar wajibi ce kafin a sa yaro gudu a ɗaki mai zafi.

Idan aka haɗa duk wannan, ba zan ce makarantun wasannin kare kai suna mutuwa ba, domin ɗakin nan ya fi cika a ranar Asabar fiye da yadda filinmu yake cika a da. Abin da ya ragu shi ne ɗalibin da ke daɗewa. Yara suna shiga da yawa, amma mafi yawansu suna barin wasan da zarar sun shiga babbar sakandare, jarrabawa ta matso, ko an tura su makarantar kwana, kuma ajin 'yan shekara sha biyar zuwa ashirin, wanda daga cikinsa ne ake samun 'yan gasa da malaman gobe, shi ne mafi ƙanƙanta a makarantar. Malamin ya san da wannan, ya kuma ware wasu yara 'yan unguwa da yake koyarwa ba tare da karɓar ko kwabo ba, waɗanda su ne suka fi kowa zuwa a kan lokaci, su ne kuma yake kaiwa gasa. Wannan ƙoƙarin nasa ne shi kaɗai, ba ya cikin tallar makarantar, kuma da iyayen da ke da hali za su ɗauki nauyin kayan kariya ko kuɗin motar waɗannan yaran zuwa gasa, da an ga bambanci.

Ga mai ɗa ko 'ya tsakanin shekara shida zuwa goma sha biyu, ina ba da shawarar wannan makarantar da ire-irenta, da sharaɗin ya zauna ya kalli aji guda cikakke kafin ya biya, ya tambayi jimillar abin da zai kashe a shekara har da jarrabawar bel, ya kuma bayyana wa malami duk wata larurar da yaron yake da ita ko da ba a tambaye shi ba. Ga matashin da ke son gasar taikwando, zai samu tushe mai kyau a nan, amma zai buƙaci ya riƙa zuwa inda 'yan wasan jiha suke atisaye domin ya samu abokan karawa da suka fi shi. Babban mutum mai neman motsa jiki zai amfana da bugun jaka, ya dai sayi robar haƙorinsa, ya kuma ƙi yarda a murɗe masa gaɓa ko a kayar da shi a kan wannan tabarmar har sai an kawo wanda ya san aikin. Darasin wuƙa kuwa na hana 'ya'yana shiga, na kuma roƙi malamin ya cire shi daga tallar da ke ƙofar bene.